Ɗigon da ya ƙi motsi a wayar Alhaji

Kawuna bai yarda da direba ba, ko da kuwa shi ya yi masa aure. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe masa littafin mangaza a nan Maraɗi, kuma ban taɓa ganin mota ta dawo daga bakin teku bai zargi mai tuƙa ta da wani abu ba. Ko ya zuƙe gazuwal ya sayar, ko ya ɗauki kayan wani a hanya ya zuba kuɗin aljihu, ko yana da mata a Doso da ba mu sani ba. Shi ya sa ranar da wani saurayi ya zo daga Yamai da ƴar jakarsa, ya ce akwai na'urar da ake ɗaurawa a kan tirela ta riƙa nuna inda motar take a cikin waya dare da rana, Alhaji ko tayi bai yi ba. Mutumin da ke neman ragi a kuɗin goro! Ya ce a sa wa motocinsa duka ukun.

Daga ranar ya sami sabuwar sana'a. Bayan La'asar sai ya baje a tabarma ƙofar mangaza, ya sa gilashi, ya ƙura wa ɗigon nan ido. In ɗigo na tafiya, fara'a har kunne, har a aika a kawo shayi. In ya tsaya, sai ya miƙo mini wayar ya ce in kira masa.

"Kai, mi ya tsaida ka wurin nan tun hantsi?"

"Ranka ya daɗe, layi muke."

"Layin mi kuma? Jiya ma layi ka ce."

"Wancan na takarda ne, Alhaji. Wanga na rakiya ne."

Ya kashe wayar ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ƙarya ma yanzu layi-layi suke yin ta."

Tafiyar Lome ce, a 2024. Motar ta dawo bayan kwana 34. Alhaji ya ce in fiddo masa duk wurin da ta tsaya, don ya yanke daga kuɗin direba. Na zauna dare biyu da kwamfuta da fitilar caji. Na'urar ba ta ɓoye komai: ga wurin da mota ta tsaya, ga ƙarfe nawa, ga lokacin da ta tashi. Na kasa tsayuwar gida uku. Akwai ta direba da kansa, wato sallah, abinci, barci da facin taya. Akwai ta jiran lodi. Akwai kuma wadda wani mai iko ya ce tsaya. Da na haɗa sa'o'in da taya ta yi tana juyawa, zuwa da dawowa, ba su cika kwana biyar ba. Na direba ya tashi kamar kwana bakwai, kuma mafi yawansa barcin dare ne, wanda ko jaki ana bari ya yi. Saura kwana ashirin da biyu motar na tsaye, direba na zaune ƙarƙashinta yana dafa taliya a ƙaramin risho, yana jiran wani ya buga hatimi, ko wani ya kira lambarsa, ko a tara ayarin da sojoji za su raka. Kuma da za ta tafi, wayam ta tafi, ko buhu ɗaya babu a bayanta.

An sayi na'urar don a kama direba, sai ga shi ita ta wanke shi. Tun daga daren nan nake da ra'ayin da zan faɗa a nan: fasahar da ake ta yi mana talla a harkar dakon kaya tana da amfani ƙwarai, amma mun juya idonta wajen wanda ya fi kowa rauni a cikin harkar. Mun sa ta gadin direba, alhali ɓarnar tana wurin masu tsayar da shi.

Wanda bai san garin nan ba zai ce ina ruwan talaka da kwanan tirela a hanya. Maraɗi kuwa da hanya take ci. Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, aka hawo tudu, gyaɗa ta raya sabon garin. Da farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa, alhazan gari suka koma fito: atamfa, taba, daga baya shinkafa, a ɗauko daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a sauke Maraɗi, a tsallaka da su Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar da ba ta wuce kilomita hamsin ba. Mu kuma mu tura wake, riɗi, aya, fata da dabbobi, su sauka Katsina, su sauka Dawanau. Duk kwanan da mota ta yi a tsaye akwai wanda ke biyansa. Mai mota yana ƙara shi a kuɗin dako, mai kaya yana ƙara shi a kan buhu, mai awo yana ƙara shi a kan tiya, sai ya faɗo a kan matar da ta zo da dala ɗari a ƙulle a bakin zane.

Kada kuma a ce na ɗauki waya maganin kowace cuta. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, an buɗe tsakaninmu da Najeriya a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata gefen da Benin. Kayan da a da ke yin wajen kilomita 1,400 daga Kwatano zuwa nan suka koma zagaye ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera, su zo Yamai, sannan su kama hanyar gabas, sama da kilomita 2,000. Jiran rakiyar soja a hanyar nan ba na wasa ba ne, direbobi sun rasa rayukansu a can. Babu manhajar da za ta buɗe gadar da siyasa ta rufe, babu wadda za ta kori ɗan bindiga daga daji. Wannan na masu mulki ne. Ni a kan sauran kwanakin nake magana, waɗanda ba bindiga ta jawo su ba.

Abin da ya sa ban raina fasaha ba, na ga wadda ta yi aiki da idona. Ina yaro, kafin Alhaji ya san farashin wake a Dawanau sai ya aika mutum, ko ya jira wanda ya dawo, shi ma ya faɗi abin da ya ga dama. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa. Babu wanda ya shirya wa ƴan kasuwar nan taron bita a otel. Sun ga riba, suka saya. Haka aika kuɗi: a da direba kan tashi da kuɗin hanya ɗaure a ƙugu, yanzu ta Nita ko Amana ko Al Izza ake tura masa zango-zango, in ya maƙale a Ƙonni da tsakar rana kafin La'asar kuɗin gyara ya same shi. Haka farashin kasuwanni da SIMA, ma'aikatar da ke bin farashin amfanin gona, ke tattarawa a karanta a rediyo. Duk waɗannan sun kama ne don sun shigo ta ƙofar da muka saba: magana da baki, da Hausa, da mutumin da ka san gidansu.

To, mu zo kan tafiya wayam, wadda ita ta fi ci mini rai.

Ranar da motarmu ta tashi zuwa Lome babu kaya, na tabbata a cikin garin nan ko a Cadawa ko a Gazawa akwai mai aya ko riɗi da ke neman motar da za ta kai masa ko da Yamai ne. Bai san da mu ba, ba mu san da shi ba. Wanda ya san mu duka biyu shi ne ɗan kamasho. Akwai wani da na sani, yana zama ƙarƙashin dogon yaro kusa da tasha, da waya uku, ɗaya an ɗaure ta da roba. Ba ya rubuta komai. A kansa yake riƙe da wane ne ke da buhu ɗari uku a Agye, wace mota ce ta sauke siminti za ta koma Kano ba kaya, wane direba ne ke shan ƙwaya, wane mai kaya ne ba ya biya sai an kai shi gaban sarki. Yana karɓa wurin mai kaya, yana karɓa wurin mai mota, kuma kowannensu bai san nawa ɗayan ya bayar ba. Jarinsa ke nan: abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba. Ranar da muka tashi wayam, an yi rashin sa'a ba mu daidaita da shi a kan kamasho ba, sai ya yi shiru, mu kuma muka ƙone gazuwal na kilomita dubu biyu muna dakon iska.

Samarin da suka karanta kwamfuta za su ce ai wannan mai sauƙi ne, a yi manhaja, mai kaya ya rubuta, mai mota ya rubuta, a haɗa su, a sallami ɗan kamasho. Na so in yarda da su, amma na ga wani abu. Shekarun baya wata mota ta ɗauki riɗin wani maƙwabcinmu, ta ɓace tsakanin nan da Kano. Mutumin nan mai waya uku shi ya haɗa cinikin. Ya bar inuwarsa, ya shiga mota, ya je har garin mai motar, ya zauna a zauren yayansa kwana huɗu, bai tashi ba sai da aka sayar da shanu aka biya. Ashe kamashon da yake karɓa har da kuɗin lamuni a ciki. Manhaja za ta haɗa ka da mota, amma ba ta san zauren yayan kowa ba.

Kuma an gwada a wuraren da suka fi mu kuɗi. A Najeriya kamfanin Kobo360 ya fito da irin wannan manhaja, a 2019 ya tara dala miliyan 30 daga masu zuba jari, har da bankin Goldman Sachs. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Bayan ƴan shekaru ya shiga mawuyacin hali, kuma babban abin da ya karya shi tsohon ciwo ne da kowane mai mangaza ya sani: direba yana son kuɗin mai kafin ya tayar da mota, babban kamfani mai kaya kuwa sai ya ja wata da watanni bai biya ba. Can sama kuma, Maersk, wanda kwantenoninsa ke cike da tashoshin duniya, ya haɗa kai da IBM a 2018 suka kafa TradeLens, rumbu guda da kowa zai zuba bayanan kayansa a riƙa ganin tafiyarsu daga tasha zuwa tasha. A ƙarshen 2022 suka ba da sanarwar rufe shi. Na'ura ba ta lalace ba, abokan gasa ne suka ƙi zuba sirrinsu a rumbun da kishiya ta gina. Da na ji labarin sai na yi dariya, na ce ashe Turawa ma ƴan Kasuwar Maraɗi ne.

Don haka ni ban ce a kori ɗan kamasho ba. A shigo da shi, a rubuta sunansa, a san kamashonsa, ya tsaya a matsayin mai lamuni a fili. Abin da za a raba shi da shi ɗaya ne: ikon yin shiru mota ta tafi wayam.

Jiran lodi a bakin teku shi ma yana da tushe. Yarjejeniyar da ke tsakaninmu da ƙasashen da ke da tasha ta ce kashi biyu cikin uku na kayan Nijar motocin Nijar za su ɗauka, kashi ɗaya na masu masauki, kuma CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, ce ke sa ido a kan rabon. An yi haka ne don a kare masu motocinmu, niyya ce mai kyau. Amma abin da ya biyo baya shi ne layi: ka isa, ka rubuta lamba wurin sandika, ka jira a zo kanka. Sabuwar mota da tsohuwar da ke tafiya da addu'a duk layi ɗaya. Wanda ya kula da motarsa bai ci ribar kulawar ba. Tunda kuma mota ba ta samun tafiya da yawa a shekara, in ta samu sai a danna mata kaya har ta durƙusa. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin nan masu kuɗin CFA, mai lamba 14 ta 2005 ta ce babbar tirela mai layin taya shida kada ta wuce tan 51, ita da kayanta. Duk wanda ya bi hanyar Doso zuwa Maraɗi ya ga kwaltar da ta yi kunya-kunya kamar gonar rogo ya san yadda ake bin dokar. Ramin ya karya mota, motar ta kwana a hanya, kwanan ya koma kan tiya.

Littafin layin nan, me zai hana kowa ya gan shi a wayarsa? Mai mota yana Maraɗi ya san lambarsa ta nawa ce, ya san mota nawa ke gabansa, kada ya tayar da direba sai layi ya kusa. Ba wani abu mai wuya ba ne, ɗalibi ɗaya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai iya haɗa shi kafin ya gama shekara. Abin da ya hana shi ne littafin da ke cikin aljihun mutum ɗaya ana iya tsallake layi a cikinsa da ɗan abin goro, wanda kowa ke gani kuwa ba a iyawa. Ko da yake, kada in cika baki. A Legas hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo manhajar Eto a Fabrairun 2021 don tsara shigar tireloli Apapa. Cunkoson ya ragu sosai, amma ba a daɗe ba jaridun can suka fara kawo labarin masu sayar da tikitin shiga a bayan fage. Mai neman na goro in ka toshe masa ƙofa, taga yake nema.

Duwan ma sun shiga kwamfuta tuntuni. Da manhajar SYDONIA ake shigar da takardun kaya, a 2019 kuma aka ƙaddamar da SIGMAT don duwan ƙasashen yankin su riƙa tura wa juna bayanin kayan da ke ratsawa, kada a sake rubuta takarda a kowace iyaka. A kan takarda abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa akwai kalma biyu da duk mai fiddo kaya ya haddace: "babu rezo." Wani lokaci gaskiya ne. Wutar Maraɗi da Damagaram daga layin Katsina take zuwa, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023. Wani lokaci kuwa rezon yana dawowa da zarar hannu ya shiga aljihu. Na taɓa kwana biyu a kan benci a wani ofis ina jiran rezo, mutumin da ya zo bayana ya shiga ya fito da takardarsa ana yi masa rakiya har bakin ƙofa. Kwamfutar ita ta san ƙarfe nawa aka shigar da takardata da ƙarfe nawa aka sake ta. Lissafin yana ciki. Ba a dai fiddo shi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ƴan kasuwa ba mu son a ga cikinmu. Mangaza nawa ne a garin nan ke da littafi ɗaya tak? Wanda ya rubuta tan talatin alhali ya ɗora arba'in da biyar, wanda ya ce kwantenar gwanjo ce alhali akwai atamfa a ƙarshenta, ba zai so wata na'ura mai ƙidaya ba, kuma shi ne ya fi kowa saurin miƙa na goro a shinge, don ya san takardarsa ba ta da ƙafa. Shi ya koya wa mai shinge cewa kowace mota tana da abin ɓoyo. Mai gaskiya ya zo, a tsayar da shi awa uku ana neman laifin da babu. Duk wanda zai nemi a ƙidaya sa'o'in shinge, sai ya yarda a ɗora motarsa a sikeli. Na faɗa wa Alhaji haka, bai amsa ba, ya dai ce in je in duba ko an rufe ƙofar baya.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba tare da jiran wani mai ba da agaji ba. A yau tireloli da yawa a Maraɗi suna ɗauke da irin na'urar da ke motocinmu, kowane mai mota yana kallon ɗigonsa shi kaɗai yana zagin direbansa shi kaɗai. A tara bayanan tsayuwar nan wuri ɗaya, a hannun cibiyar ƴan kasuwa da sandikar masu motoci da ta direbobi, su uku, don kada ɗaya ya zauna a kai. A cire sunan mai mota, a cire lambar mota da irin kayan da ta ɗauka. Abin da zai rage shi ne wuri da lokaci: a shingen kaza, a makon nan, mota kaza ta tsaya, kowace ta yi awa kaza. Sai a karanta shi a rediyo duk mako da Hausa, yadda ake karanta farashin gero da wake. A tura shi ta saƙon murya a WhatsApp, tunda rabin direbobinmu da karnukan motarsu da murya suke aiki, ba da rubutu ba.

Ba sabon abu na ƙago ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 UEMOA ke da tsarin OPA, inda ake ba direbobi takarda su rubuta shinge nawa suka tarar, nawa suka bayar, minti nawa suka ɓata, a fitar da taswira lokaci-lokaci. Aikin ya yi amfani, ya sa an ji kunya a wasu wurare. Rauninsa shi ne rahoton da Faransanci yake fitowa, bayan watanni, ya tafi teburin manya. Kafin ya fito an canza wa mai shingen wurin aiki. Na'ura kuwa ba ta mantuwa, ba ta tsoron a gane rubutun hannunta, kuma abin da ya faru ranar Litinin ana iya faɗarsa ranar Juma'a. Shugaban da ke Yamai wanda ke cewa a rage shingaye, shi ma zai sami abin da zai riƙe na ƙasa da shi. Ban ɗauka duk mai kaki ɓarawo ba ne, akwai waɗanda ke duba takarda su ce Allah ya kiyaye hanya, kuma lissafin nan su ma zai fid da su.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: inda mota take a yanzu-yanzu sirri ne tsakanin mai ita da direbanta. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Madarumfa da Gabi mun san aikin ɓarawon zaune. Wanda ya san motar shanu ta tashi ƙarfe kaza za ta bi hanya kaza, ya riƙe ran direba a hannunsa. Lissafin makon jiya na kowa ne. Tafiyar yau ba ta kowa ba ce.

Akwai kuma abin da ke tafe wanda ya sa nake ganin ba mu da lokacin jan ƙafa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan biyu. Kano ta buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, Funtuwa ta buɗe tata a 2024. Duk ranar da jirgi ya fara shigowa, kwantena za ta iya tasowa daga Legas ta sauka a bayan garin nan. Jirgi ba ya jiran a gama shayi. Yana da ranar zuwa da ranar tashi, kuma wanda zai cika masa tarago shi ne wanda ya san tun mako biyu kafin nan tan nawa na aya ke Cadawa, buhu nawa na albasa zai taso daga Galmi, mota nawa ke nan ba aiki da za su kwaso su. In ba mu da wannan lissafin, wani daga Kano ko Legas zai zo da nasa, ya buɗe ofis mai sanyi a bakin tasha, jikokin alhazan da suka gina garin nan da fito su koma yi masa dako.

Takardar da na fiddo a daren nan, na kai wa Alhaji da safe. Ya sa gilashi ya bi ta layi-layi, ya daɗe a kan kwana ashirin da biyun. Bai yanke wa direba ko dala ba, amma bai ba shi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce in ninke ta in sa a aljihu, ranar taron masu motoci in karanta musu. Na karanta. Aka yi tsit, aka yi salati, wani dattijo ya ce wallahi yaron nan ya faɗi gaskiya. Da aka buɗe fagen tambaya, mutum huɗu suka ɗaga hannu. Uku suna son su san nawa ake sayar da na'urar, na huɗun yana tambaya ko tana nuna in direba ya zuƙe gazuwal.

Direban kuwa da yamma ya same ni a mangaza, ya tsuguna gefen sikeli, ya ce, "Malam, an ce abin nan naku ya rubuta duk inda nit tsaya."

Na ce ya rubuta.

"To ya rubuta nawa nib bada?"

Na ce a'a, wuri da lokaci kawai ya sani.

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fiddo kwalin shayi da aka yage aka baje, ya yi laushi don gumi. A bayansa, da biro, da ajami, ya jera sunayen garuruwa tun daga Cinkase, iyakar Togo da Burkina, har Gidan Rumji, kowane da lamba a gabansa: jika ɗaya, jika biyu, dala ɗari, jika biyar. Ya ce kowace tafiya yana yin irinsa, don Alhaji ba ya yarda in ya faɗa da baki, kuma akwai wasu a gida cikin gwangwani in ina so. Na ce ya kawo su duka. Ya kawo guda goma sha bakwai, suna nan cikin aljihun teburina tare da takardar na'urar, ina haɗa su tafiya-tafiya in kasuwa ta yi sanyi.